Matsayin Mata A Kamfanonin Juya Kuɗin Jama'a

Kamfanonin da ke juya kuɗin fansho da ajiyar jama'a a kasuwannin hannun jari suna da ƙarfin faɗa a ji, domin su ne ke jefa ƙuri'a a madadin masu kuɗin idan an zo zaɓen daraktoci. Da wannan ƙarfi ne suka riƙa matsa wa manyan kamfanoni lamba su ba mata kujeru a hukumomin gudanarwa.

A watan Maris na 2017 kamfanin State Street na Amurka ya kafa mutum-mutumin wata yarinya a unguwar Wall Street da ke New York, ya kuma ce zai ƙi zaɓen daraktocin kamfanonin da suka ƙi sanya mace a hukumarsu. Sai dai a wannan shekarar ce kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5 don kashe zargin cewa yana biyan ma'aikatansa mata da baƙar fata albashin da bai kai na sauran ba.

Binciken kamfanin Morningstar ya nuna cewa a ƙarshen 2019 mata kashi 14 cikin 100 ne kacal na masu sarrafa asusun zuba jari a duniya, wato daidai adadin da ake da shi a shekarar 2000, alhali kuwa bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin ribar da maza da mata ke samowa.

Game da hukumomin gudanarwa kuwa, masana sun fi duba ƙasar Norway, wadda ta yi doka a 2003 cewa kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 40 na kujeru. Nazarin Ahern da Dittmar na 2012 ya ce darajar kamfanonin ta faɗi. Daga baya Eckbo da abokan aikinsa suka sake bin alƙaluman, ba su ga wata faɗuwar kirki ba. Ke nan mai cewa mata na jawo asara ba shi da hujja tsayayya, haka ma mai alkawarin ƙarin riba.

A Nijeriya, Kwamitin Shugabannin Bankuna ya tsayar a 2012, zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi, cewa a ba mata kashi 30 na kujerun daraktocin bankuna. Shi kuwa State Street, a 2025 ya janye sharaɗin kashi 30 da ya gindaya wa manyan kamfanoni.