Jini Ya Zuba a Ƙwaƙwalwa: To Daga Ina Ya Fito?

A unguwarmu ta Hajj Yusuf, da ke gabashin kogi a Hartum ta Sudan, idan aka ce wane ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki, kafin a yi sallar la'asar labari ya kai Maiguma ya kai Suk Sitta, kuma kowa cewa yake jalta ce, wato shanyewar ɓarin jiki. Alhali cututtuka biyu ne masu kama da juna a ido, maganinsu kuwa ya yi hannun riga. Ɗaya toshewar jijiyar jini ce, ɗayar kuma fashewarta ce har jini ya malala cikin kai. A ƙasashen Turai, fashewa ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki. A Afirka abin ya fi haka muni. Babban binciken nan mai suna SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana har da na Kano da Zariya, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo jini ne ya zuba musu, kuma hawan jini ne kan gaba wajen haddasawa.

Ni aikina ɗaukar hoto ne. Na yi shekaru ina kwantar da marasa lafiya a kan gadon na'urar CT a wata cibiya da ke tsakiyar Hartum, kullum da safe in haye gadar Manshiyya, da yamma in dawo gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan aiki shi ne yawan iyalan da ke naɗe hoton farko su koma gida da shi, a zatonsu bincike ya ƙare. Ga mutane da yawa kuwa, a nan ne ya fara.

Abin da hoton farko ke nunawa

Na'urar CT, wadda a nan muke ce wa magta'iyya, wani injiniya Bature mai suna Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majinyaciya a Landan a 1971. Tana yanka kai faifai-faifai da hasken eksire, cikin 'yan mintuna an gama. Sabon jini yana fitowa fari fat a cikin tokar ƙwaƙwalwa, ko ɗalibi ma yana iya nuna shi da yatsa. Hoton zai faɗi inda jinin ya kwanta, da yawansa, da ko ya ture ƙwaƙwalwa gefe. Abin da ba ya faɗa kai tsaye shi ne jijiyar da ta yi ɓarnar.

Duk da haka, wurin da jinin ya kwanta yana ba likita haske. Dattijo mai tsohon hawan jini, wanda jininsa ya zuba can ƙasa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, galibi ƙananan jijiyoyi ne da hawan jinin ya gajiyar suka fashe, kuma maganin gaba shi ne riƙe hawan jinin da kyau. Amma idan matashi ne, ko mutum ne da bai taɓa hawan jini ba, ko jinin ya zuba kusa da saman ƙwaƙwalwa, ko ya bazu a kewayenta yana bin lunguna, to dole a yi zargin akwai wata naƙasa a jijiya da ke ɓoye. Irin waɗannan mutane ne hoto na biyu ya wajaba a kansu.

Naƙasun da ake nema

Na farko shi ne kumburin jijiya. Duk wanda ya taɓa ganin tib ɗin keke ya yi ƙulu a wuri guda saboda robar ta yi laushi, ya ga siffarsa. Mutum na iya yawo da shi shekara da shekaru bai sani ba, ranar da ya fashe kuwa sai ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba ya sauko masa lokaci guda, da amai, da sanƙarewar wuya, wani lokaci da suma. A cikin masu zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa ba tare da an buge su ba, kusan 85 cikin 100 wannan kumburi ne sanadi. Haɗarinsa shi ne yakan toshe kansa da ɗan gudan jini na wani lokaci, mara lafiya ya farfaɗo har ya nemi shayi, sannan ya sake fashewa. Idan ba a ɗaure shi ba, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana sake zubar da jini cikin mako biyu, kuma fiye da rabin waɗanda hakan ta same su ba sa tashi.

Na biyu shi ne dunƙulen jijiyoyi a cukurkuɗe, inda masu kai jini suka haɗe kai tsaye da masu dawo da shi, babu ƙananan hanyoyin da ke rage masa ƙarfi a tsakani. Shi ne ake fara tunani idan yaro ko saurayi ya zubar da jini a kai, musamman mai tarihin farfaɗiya.

Na uku ya shafi matanmu. Maijego, musamman a makonnin farko bayan haihuwa kuma cikin zafi da ƙarancin shan ruwa, jini na iya daskarewa a manyan jijiyoyin da ke fitar da jini daga kanta. Jini ya rasa hanyar fita, sai ya tsattsafo cikin ƙwaƙwalwa. Abin mamaki a nan, maganinsa allurar tsinka jini ce, wadda a sauran nau'o'in zubar jini kashe mutum za ta yi. Ba likitan da zai yi gangancin ba da ita sai ya ga jijiyoyin da idonsa. Masu ciwon sikila su ma jijiyoyin kansu na da rauni, ana sa musu ido na musamman.

Yadda ake ganin jijiya

Hanya mafi sauri ita ce a maimaita hoton CT tare da ruwan rini mai sinadarin aidin, wanda muke kira sibga. Ana sa allura a jijiyar hannu, famfo ya tura ruwan da ƙarfi, na'ura ta bi shi a daidai daƙiƙoƙin da ya cika jijiyoyin kai. Kafin in danna maɓalli nakan gaya wa mara lafiya cewa zai ji ɗumi ya ratsa shi daga maƙogwaro har mara, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ya zaci ya saki fitsari, amma kada ya motsa, yanzu zai wuce. Wanda ba a gaya masa ba yakan firgita ya ɗaga kai, hoto ya lalace. Ana tambayar lafiyar ƙoda tukuna, da ko ruwan ya taɓa ba mutum matsala, da ko mace na da ciki.

Akwai wata yarinya 'yar unguwarmu, ba ta daɗe da aure ba, da ciwon kai ya kayar tana tsakar wanki. Hoton farko ya nuna jini a kewayen ƙwaƙwalwa. Washegari ta ware, tana magana, tana gane kowa. Mahaifinta, dattijo mai sayar da goro, ya tare ni a bakin ƙofa da ambulan ɗin hoton a hammata.

"Ɗana, ai jiya an ɗauka. Wannan kuma na mene ne? Yarinya ta samu sauƙi, kuɗin kuma ka san yadda suke."

Na ce, "Baba, na jiya jinin da ya zuba ya nuna. Na yau inda ya fito zai nuna, don a toshe kafin ya sake."

Ya yi shiru, ya fita ya buga waya ga 'yan'uwa, aka harhaɗa. Da hoton ya fito a allon kwamfuta, muka juya shi, sai ga ɗan ƙullutu bai kai ƙwayar gyaɗa ba, rataye a mararrabar jijiyoyi biyu a bayan goshi. An yi mata aiki an ɗaure shi, kuma ta tashi.

Idan hoton sibga bai warware zance ba, sai a tafi hanyar da muke kira gastara, wadda har yau ita ce alƙali. Asalinta daga wani likitan Fotugal ne, Egas Moniz, wanda ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin kai a Lisbon a 1927. A yau siririyar roba ake zurawa ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, a bi da ita har wuya, a fesa rini, a riƙa kallon yadda jini ke shiga da fita daƙiƙa bayan daƙiƙa. Tana da ɗan haɗari, amma tana kama abin da sauran suka tsallake. Hoton MRI kuma yana da nasa gurbin: yana nuna tsohon jini, da ƙari da ya ɓuya a ƙarƙashin gudan jini, da wasu ƙananan naƙasu da gastara ba ta gani.

Wani lokaci duk a duba ba a ga komai ba, likita ya ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu, ko bayan wasu makonni. Ba neman kuɗi ba ne. Gudan jini na iya danne jijiyar da ta lalace ya ɓoye ta, sai ya narke take bayyana.

Amfanin ganowa kuwa shi ne akwai magani. Tun 1937 likitan Amurka Walter Dandy ya fara buɗe kai ya matse wuyan kumburi da ɗan ƙarfe. Daga farkon shekarun 1990 aka samu hanyar cusa siraran wayoyin filatinam cikin kumburin ta cikin gastara, ba tare da an fasa kai ba. Dunƙulen jijiyoyi kuma ana cire shi, ko a toshe shi da wani irin gam, ko a ƙona shi da haske.

Abin da yaƙi ya ƙara mana

Tiyatar ƙwaƙwalwa a Sudan ta kafu a asibitin Sha'ab da ke Hartum tun farkon shekarun 1970, a hannun Dokta Husaini Sulaiman Abu Salih, kuma nan ne marasa lafiya daga kowane lardi suka riƙa nufa. Daga 15 ga Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke, komai ya wargaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na asibitocin yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Gadar Shambat ta karye a watan Nuwamban wannan shekara. A wancan lokaci, mutumin Hajj Yusuf da ke buƙatar hoton kai sai ya yi tunanin yadda zai isa Umdurman, ko Shandi, ko Atbara, ko Fot Sudan, da shingaye a gabansa, alhali cutarsa da awanni ake lissafa ta. Masu hawan jini da yawa sun yi watanni ba ƙwaya.

Yaƙin ya bar mana abubuwa biyu da nake so kowane gida ya sani. Na ɗaya, wanda harsashi ko ɓarɓashin bom ya taɓa shiga kansa, ƙarfen na iya yaga bangon jijiya ta yi kumburi a hankali, ta fashe bayan makonni, lokacin da kowa ya ɗauka ya warke. Likitocin yaƙin Iran da Iraƙi da na Labanan sun sha ganin haka. Irin wannan mutum ya cancanci a duba jijiyoyinsa. Na biyu, na'urar MRI maganaɗisu ce mai tsananin ƙarfi, tana iya motsa ƙarfen da ke jiki. Duk mai ɓarɓashi a ido ko a kai ya faɗa kafin ya shiga ɗakin, ko da ba a tambaye shi ba.

Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025 mutane ke dawowa, ana share gidaje, ana gyara asibitoci. Roƙona ga masu tsara gyaran shi ne kada gabashin kogi ya zama na ƙarshe a layi. Na'urar CT ba ta aiki ita kaɗai: tana son wuta tsayayya, da ruwan rini, da injiniyan gyara, da likitan da zai karanta hoto, da motar da za ta kai mara lafiya wurin likitan tiyata. Unguwa mai yawan jama'ar Hajj Yusuf ta cancanci wannan duka a kusa da ita.

Namu kuma aikin a gida yake. Ciwon kai mai saukowa lokaci guda, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, a nufi asibiti nan take, addu'a da tofi a yi su a cikin raksha ana tafiya. Kada a ba shi asfirin kafin hoto, domin idan fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko rubutu, a kwantar da shi ta gefe. Idan kuma likita ya ce jini ne ya zuba, babban gida ya daure ya yi tambaya cikin ladabi: "Likita, me ya jawo shi, kuma ana buƙatar a duba jijiyoyin?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma amsarta ce ke raba wanda ƙwayar hawan jini ta ishe shi da wanda ke buƙatar aiki cikin gaggawa.