Gyaran kwamin kifi a gida: a fara kiwon ruwa kafin kifi



A zagayen da nake yi na duba azuzuwan yaƙi da jahilci, na sauka Azagor, cikin gundumar Dakoro. Bayan an tashi daga karatu, wani dattijo daga cikin ɗalibai ya ja ni gidansa. Ya nuna mini wani kwami na siminti a bayan ɗaki. Ɗansa ne ya ga irinsa a wajen ci-rani, ya dawo ya gina, suka zuba ƴaƴan tarwada. Kafin wata biyu bango ya tsage, ruwa ya tsiyaye. Suka kira magini ya shafe tsagar da sabon siminti. Kwana biyu bayan haka suka cika ruwa, suka mayar da kifin. Da gari ya waye, sai ga kifi a saman ruwa, ciki sama.

Dattijon ya ce da ni: "Malam, sammu ne ko baki?" Na ce masa: "Baba, ba ko ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Sabon siminti ne ya kashe su, gaggawa kuma ta taimaka masa."

Kuɗin da ya salwanta kuɗin awaki ne da aka sayar. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna wannan magana a wannan fili, domin kada wani ya sake faɗawa ramin.

Darasi daga masu kiwon kifin teku

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga Dakoro zuwa bakin teku, a Kwatano ko Legas, tafiya ce ta fiye da kilomita 1000 a mota. Duk da haka akwai darasin da za mu ɗauka daga can.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke ajiye kifin teku cikin ɗakunansu, a babban akwatin gilashi. Ba don ci ba, don kallo. Tare da kifin suna renon wata halitta, dangin murjanin nan da mata ke yin ado da shi. Mutane da yawa suna zaton murjani dutse ne. A gaskiya ƙananan dabbobi ne na teku, masu gina wa kansu gida mai tauri. Waɗanda ake reno a akwati suna son haske da ruwa mai tsabta. In ruwa ya yi musu zafi fiye da kima, sai su yi fari, su mutu.

Masu wannan kiwo su ke haɗa ruwan da kansu. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, kuma haka suke aunawa. Idan akwatin ya tsufa ko ya fara yoyo, ba su gyara shi da garaje. Sai su kwashe kifin zuwa wani mazubi, tare da tsohon ruwansa. Duwatsun ciki ma ba su bari su bushe. In an gama gyara, ba su mayar da komai rana ɗaya. Wanda ya fara sabo fil yakan jira mako huɗu zuwa shida kafin ruwan ya nuna.

Mu ba mu da murjani, ba mu da ruwan gishiri. Amma dokar ɗaya ce ga mai akwatin gilashi da mai kwamin tarwada: ruwa ake fara kiwo, sannan kifi.

Me ake nufi da ruwa ya nuna?

Kifi yana ci cikin ruwa, yana kashi cikin ruwan. Daga jikinsa da ragowar abincinsa wata guba take fita, ana kiranta amoniya. Ita ce mai warin nan da ke tashi a turken dabbobi. In ta yi yawa, tana ƙona matsatsin kifi, wato inda yake shaƙar iska.

Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin bango da duwatsu. Su ke cin wannan guba, su mayar da ita abin da ba shi da lahani sosai, wanda kuma taki ne ga shuka. A sabon kwami babu su. Sai a hankali suke yaɗuwa. Wanda ya wanke kwaminsa da omo ko ruwan jabel, ya kashe masu yi masa aiki kyauta.

Siminti kuwa, in sabo ne, yana sakin wani abu mai kaifi kamar toka ko kanwa. Ku dubi hannun magini, yadda yake tsagewa. To, fatar kifi ta fi hannun mutum laushi. Wannan shi ne abin da ya kashe kifin dattijon Azagor.

A yi lissafin ruwa tukuna

A yankinmu ruwa ba abin wasa ba ne. Rijiyoyi suna da zurfi, mutane da dabbobi suna jiran layi. Saboda haka, kafin a sayi buhun siminti, a ɗauki alƙalami.

Mu ɗauki kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 2, zurfin mita 1. In an cika shi har santimita 80, zai ci lita 3200. Bido mai lita 25 guda 128 ke nan. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ashe bango da daɓe suna ɗauke da fiye da tan 3, dare da rana.

Ba a nan lissafin ya tsaya ba. Dole a riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, aƙalla sau biyu a mako. Kashi ɗaya cikin huɗu lita 800 ne, wato bido 32. A mako bido 64. A wata biyar, bido ya kai kusan 1400.

Wanda bai da hanyar samun wannan ruwa ba tare da ya ƙuntata wa iyalinsa da dabbobinsa ba, to ya haƙura da kwami. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gara ya haɗa kai da ƴan uwansa, su nemi shawarar ma'aikatan gandun daji game da zuba kifi a tabki mai daɗewa da ruwa. Wanda yake kusa da famfo ko rijiya mai yalwa, kuma yana da ɗan lambu, shi ne wannan aiki ya fi dacewa da shi.

Matakan gyara

1. A kwashe kifin da sassafe, lokacin sanyi. A zuba su cikin duro ko manyan robobi, da tsohon ruwansu. Kada a yi amfani da mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko man fetur, ko gas. A ajiye a inuwa, a rufe da raga, domin tarwada tana tsalle. A rage musu abinci, a riƙa canza musu ruwa kaɗan kaɗan. A yi hankali da ƙayar tarwada, tana suka.

2. A ajiye ƴan duwatsu daga tsohon kwami cikin bokitin tsohon ruwa. Su ne irin da za a mayar.

3. A binciki tsagar da kyau. In a shafe kawai take, gyara ya isa. In ta ratsa bango tun daga tushe, to ƙasa ce ta zauna. Shafe ba zai yi magani ba, sai an rushe an sake. Ƙasarmu rairayi ce. Dole a daddage ta sosai, a zuba tsakuwa, a yi daɓen kankare da ƙarfe a ciki. Kada a gina kusa da babban icce, saiwa tana fasa gini. Kada kuma a gina kusa da salga.

4. In tsagar ƙarama ce, a faɗaɗa bakinta da kurfi, a share ƙura, a jiƙa wurin. A kwaɓa siminti awo ɗaya da yashi mai tsabta awo uku, a cike. Sannan a shafe cikin kwamin gaba ɗaya, a goge ya yi sumul, domin kada ya ƙuje fatar kifi. A cike kusurwoyi su zama masu lanƙwasa, don a nan yoyo ya fi farawa.

5. A karkata daɓen zuwa gefe ɗaya, a sa bututun fitar ruwa a wurin da ya fi gangare. Bututun ya nufi lambu.

6. A riƙa yayyafa wa sabon siminti ruwa safe da yamma, har kwana bakwai, a rufe shi da tsofaffin buhuna. Simintin da rana ta busar da gaggawa ba ya ƙarko.

7. A cika kwamin da ruwa, a sa alama a bango. A bar shi mako ɗaya. Rana da iska za su sha kaɗan. In ya sauka da yawa, ko bayan bango ya jiƙe, akwai sauran yoyo. A zubar da wannan ruwa, a goge bango da burushi ba sabulu, a sake cikawa. A yi haka sau biyu ko uku. Wannan ruwa yana da amfani wajen kwaɓa ƙasar gini, amma kada a ba dabbobi.

8. A zuba ruwa na ƙarshe, a mayar da duwatsun nan da aka ajiye. In ruwan famfo ne mai magani, a bar shi ya kwana biyu.

9. A gwada da kifi biyar. In sun yi kwana uku suna yawo, suna cin abinci, sai a riƙa ƙaro sauran kashi kashi. Kada a juye su farat ɗaya. A sa robar da suke ciki a kan ruwan kwami kamar rabin awa, ana ɗiba ana zuba musu, har zafin ruwan ya zama ɗaya.

Duk aikin zai ci kamar wata ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an mayar da kifi

Tarwada ta fi dacewa da mu, domin tana iya shaƙar iska a saman ruwa, tana kuma jure wahala fiye da karfasa. Amma mai farawa kada ya zuba fiye da ɗari a kwami irin wanda muka auna. Babba tana cin ƙarama, saboda haka a riƙa ware su bisa girmansu.

A ba su abinci sau biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye nan take. Abin da ya rage ruɓewa yake, ya zama guba. In ruwa ya fara wari, ko kifi ya ƙi ci, a dakatar da abinci, a canza ruwa.

Lokacin bazara, a yi wa kwami rumfar zana. Lokacin hunturu ruwa yana sanyi, kifi yana rage ci. A rage abinci, a rufe kwamin da dare. Da kulawa da abinci mai kyau, tarwada tana isa ci cikin wata biyar zuwa shida.

Lafiyar iyali

Kifi abinci ne mai gina jiki, musamman ga yara da mata masu ciki da masu shayarwa. Amma kwami yana da haɗarinsa.

Na farko, yara. Ruwa mai zurfin santimita 80 ya isa ya halaka ƙaramin yaro. A yi murfi mai ƙarfi, ko shinge mai ƙofa.

Na biyu, sauro. Kifi yana cinye tsutsar sauro. Amma a makonnin da ake jiƙa siminti babu kifi a ciki. Lokacin zafi, ƙwan sauro yana zama sauro cikin kamar kwana goma. Shi ya sa muka ce kada ruwan ya wuce mako ɗaya, kuma a rufe shi. Kada mu je neman kifi mu dawo da zazzaɓin cizon sauro.

Na uku, ruwan kwami ba na sha ba ne, ba na wanka ba ne. A wanke hannu da sabulu bayan aiki. A dafa kifi ya nuna sarai, ko a yi bandarsa da kyau. Kada a zuba wa kifi kafso ko wani maganin mutane. In ciwo ya shiga, a nemi ma'aikacin da ya san aikin.

Ruwan da aka fitar daga kwamin kifi kuwa, kada ya tafi banza. Taki ne. A kai shi ga zogale, da kuɓewa, da tumatir, da yakuwa. A zuba a gindin shuka, ba a kan ganyen da za a ci ɗanye ba. Ta haka bido ɗaya ya yi aiki biyu.

Dattijon nan na Azagor ya zauna da ɗansa, sun yi lissafin bido a kan allon aji. Sun yanke shawarar rage girman kwamin, su kuma kafa zogale a bakin bututu. Ya ce mini wannan karon zai jira, ko da maƙwabta za su yi masa dariya.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa ba a zuba kifi cikin sabon siminti?
2. Kwami mai lita 2000, bido nawa mai lita 25 zai cika shi?
3. A garinku, akwai ruwan da zai isa wannan aiki ba tare da an cuci mutane da dabbobi ba?

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.