Su a Gulbi da Su a Tafki: Kayan Aikin Masuntan Ƙasar Bukkuyum da Dabarar Jan Fatsa



1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen kamun kifi. Amsar kuwa a kusa take. Kowace sana'a tana da rumbun kalmominta, kuma ranar da sana'ar ta mutu, da kalmomin ake bizne ta. Ni mutumin ƙasar Bukkuyum ne, na tashi ina jin sunayen homa da birgi da mamari a bakin masunta. Daga baya, sa'ad da karatun digiri na uku ya kai ni Amurka, na ga wata dabarar su a manyan tafkunansu wadda ban taɓa ganin irinta a gida ba. Tun da na dawo ake tambayata, musamman ma'aikatan gona da matasa masu neman abin yi, ko wannan dabara za ta yi mana amfani. Manufar wannan lacca ita ce in bayyana kayan aikin namu, in bayyana nasu, sa'an nan mu auna mu ga abin da ya kamata mu ɗauka da abin da ya kamata mu bar musu.

2.0 Ruwan da Muke da Shi

Masunci da ruwansa yake tunani, saboda haka da ruwan za mu fara. Gulbin Zamfara ya ratso ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, ya bi ta Jega, ya faɗa Gulbin Sakkwato. Daga kudu kuma ga Gulbin Ka. Dukansu biyu gulaben damina ne. Idan ruwa ya sauka sai su cika su tumbatsa, su malale fadamu, kifi kuwa ya bi ambaliya ya shiga cikin ciyawa ya zuba ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya. Da kaka ruwa ya fara janyewa, kifin ya koma gulbi. Kafin bazara gulbin ya tsinke a wurare da yawa, sai gurabu masu zurfi da tafkuna nan da can, kuma cikinsu ne kifin shekara yake taruwa. Gaiwa ma ba ta jira gurbi, laka take shiga ta kwanta har wata damina.

Babban ruwa mai tsayawa shekara duka, irin wanda jirgi zai yi tafiyar sa'o'i a kansa, sabon abu ne a wannan yanki. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara an gama ta a 1978, ta Goronyo a 1984, ta Kainji kuwa tun 1968. Kayan aikin da muka gada an ƙera su ne domin gulbi da fadama, ƙarnuka kafin a san za a tare ruwa da siminti.

3.0 Kayan Aikin Masuntanmu

Ana iya kasa kayan su na ƙasar Hausa kashi uku bisa yadda suke kama kifi.

Kashi na farko su ne waɗanda masunci ke bin kifi da su. A nan homa take, watau raga ce da aka ɗaura wa ice mai lanƙwasa, mutum ya riƙe ɗaya a kowane hannu ya nutsa, ya haɗa bakinsu ya rufe kifin a tsakiya. Abokiyar aikinta ita ce gora, babbar ƙwarya mai baki, wadda masunci ke kwanciya a kanta ya yi iyo, kuma cikinta yake zuba abin da ya kama. Duk wanda ya ga sun Argungu a Matan Fada ya ga homa da gora a bakin aiki. Akwai koma, wadda karin magana ya adana mana sunanta, inda ake cewa kifi na ganinka mai jar koma. Akwai birgi, raga mai da'ira da aka jera wa darma a baki, a jefa ta ta buɗe a sama ta faɗa ta rufe kifi. Akwai taru, doguwar raga da jama'a ke taruwa su ja zuwa gaɓa. Sai zago, mashin da ake sukar manyan kifaye da shi.

Kashi na biyu su ne waɗanda ake girkewa a tafi a dawo. Kalli raga ce da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa, kifi ya zo wucewa ya sa kai ya maƙale. Mamari doguwar igiya ce da aka jera wa ƙugiyoyi barkatai kusa da juna. Undurutu da gura kuwa tarkuna ne masu sauƙin shiga da wuyar fita, gura ma har ana ce mata mali, don daga masuntan ƙasar Mali aka same ta.

Kashi na uku ita ce fatsa, watau ƙugiya ɗaya da zare da ƙoto, tana ko ɗan kifi, mutum ya zauna a gaɓa ya jira. A wurinmu fatsa aikin yara ce da masu neman na miya. Amma ita ce tushen dabarar da zan bayyana yanzu.

4.0 Jan Fatsa a Manyan Tafkuna

Na raɗa wa dabarar suna jan fatsa, domin abin da ake yi ke nan: a saki zare mai ƙugiya a bayan jirgi, jirgin yana tafiya a hankali yana jan sa. Mai fatsar gaɓa yana jiran kifi ya zo, mai jan fatsa kuwa shi yake zagaya tafki ya kai wa kifi ƙoto har inda yake.

Kifin da suka fi nema da wannan dabara a arewacin Amurka da Kanada suna ce masa wolai. Mafarauci ne mai cin ƙananan kifaye, yawancin wanda ake kamawa kilo ɗaya ne zuwa biyu, da wuya a ga wanda ya wuce kilo 10. Idonsa yana da wani shafi mai maido da haske kamar na kyanwa, shi ya sa yake gani cikin duhu da ruwa mai gurɓata, yake kuma gudun hasken rana. Da rana tsaka ya nutsa ƙasa, da almuru da asuba ya taso farauta. Duk kayan aikin jan fatsa amsa ce ga tambaya ɗaya: a wane zurfi kifin yake a wannan sa'a, kuma yaya za a kai ƙugiya daidai wurin?

Na farko shi ne ƙoton ƙarya, watau ɗan kifin roba ko na katako mai ƙugiyoyi a ciki da wutsiya, an sa masa leɓe a gaba. Idan aka ja shi, ruwa ya bugi leɓen sai ya nutsa yana karkaɗa jiki kamar kifi mai rauni. Mai dogon leɓe ya fi nutsawa. Haka kuma gwargwadon tsawon zaren da aka saki, gwargwadon zurfin da zai kai, saboda haka suke amfani da ƙarfen naɗe zare mai ƙidaya tsawon da ya fita. Na biyu shi ne nauyi. Idan kifi ya yi zurfin da leɓe ba zai kai ba, sai a yi amfani da zare mai darma a cikinsa, ko a saukar da dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 4 zuwa 5 a kan waya, a maƙala masa zaren fatsa da wani ɗan maɗauri wanda ke saki da zarar kifi ya fizga. Na uku shi ne allon gefe, ɗan katako mai iyo da aka yanke wa baki a karkace, wanda ke ɗaukar zare ya yi gefe da shi nesa da jirgi. Amfaninsa biyu ne: ƙoto ya bi ta inda ƙarar inji ba ta kori kifi ba, kuma a iya jan zare da yawa a jere ba su sarƙe ba. Na huɗu ita ce na'urar da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa ta nuna zurfi da inda kifi ya taru. Na biyar, wanda ya fi su duka, shi ne saurin jirgi. Yawanci tsakanin kilomita 2 zuwa 4 ne a sa'a, watau bai kai tafiyar mai zuwa kasuwa ba. A ruwa mai sanyi a rage, a mai ɗumi a ƙara, domin sanyi yana kashe wa kifi jiki.

5.0 Ina Za ta Yi, Ina Ba Za ta Yi Ba

A Gulbin Zamfara da Gulbin Ka jan fatsa ba ta da wuri. Da damina ruwan yana da ƙarfi, ga laka ga itatuwan da ambaliya ta kwaso, ƙugiya ba za ta yi tafiyar kirki ba ta sarƙe. Da rani kuma babu faɗin da jirgi zai zagaya. Wanda ya sayo wa masuntan Bukkuyum ko Gummi waɗannan kaya ya zubar da kuɗin hukuma a ruwa.

A babban tafki irin na Kainji maganar dabam ce, domin muna da kifin da halinsa ya yi kama da na wolai, watau giwan ruwa. Shi ma mafarauci ne, idonsa ma yana ƙyalli cikin duhu, sai dai ya fi wancan girma nesa ba kusa ba, yana iya kai kusan mita biyu da nauyin kilo 200. Da jan fatsa ake kama shi a Tafkin Nasir na Masar, inda baƙi ke biyan kuɗi domin wannan. Tsage ma yana kai wa ƙoton ƙarya hari. Amma tarwaɗa da ƙurungu da ƙarfasa, waɗanda su ne abincin talaka, ba ta wannan hanya ake samun su da yawa ba. A kuma tuna cewa galibin masu jan fatsa a Amurka nishaɗi suke yi, mutum ya ƙone man da ya fi kifin tsada ya koma gida da murna. Masuncinmu da iyali ke jira ba zai iya wannan lissafi ba.

6.0 Darasin da Ya Fi Kayan Aiki

Abin da ya fi burge ni a can shi ne dalilin da ya sa har yanzu akwai kifin da za a ja wa fatsa. Tafkin Iri, wanda ya fi kowane suna wajen wolai, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,700, watau kamar Kainji ashirin. Duk da haka kifinsa ya kusa ƙarewa saboda yawan kamu da ƙazantar masana'antu. A 1970 aka hana kama wolai don sayarwa bayan an sami zaiba a jikinsa, a 1976 kuma Amurka da Kanada suka soma ƙayyade adadin da za a kama kowace shekara. Kifin ya farfaɗo. A jihar Ohayo an ƙayyade wa mai fatsa guda shida a rana, wanda bai kai inci 15 ba kuma a mayar da shi ruwa.

Wannan hikima ba baƙuwarmu ba ce. Aikin Sarkin Ruwa ke nan tun asali: ya tsare gurbi, ya hana a taɓa shi har kifi ya girma, ya sa ranar su, jama'a su shiga tare su fita tare. Sun Argungu, wanda aka soma yi a matsayin biki a 1934 domin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, a kan wannan doka ya tsayu, shi ya sa a 2020 aka fito da kifi mai kilo 78 daga Matan Fada. Inda maganar Sarkin Ruwa ta daina shiga kunne, sai ka ga ana su da gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, ko a zuba gamalin a gurbi a kashe na ci da na bari. Dokar sun cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, amma doka ba ta tsare gurbi sai da mai tsaye a gaɓa.

Zancen zaiba kuma ya shafe mu kai tsaye. Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar darma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka. Masu wanke zinariya suna amfani da zaiba, ita kuwa idan ta shiga ruwa ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye ƙarami, har ta taru a jikin mafarauta irin su giwan ruwa, daga nan ta shiga tukunya. Hatta darmar da ake narkawa a yi wa birgi nauyi bai kamata a narka ta a tsakar gida inda yara ke wasa ba.

7.0 Kammalawa

Ga ma'aikatan hukuma ina da roƙo uku. A riƙa auna ruwa da kifin gulabenmu, musamman kusa da wuraren wanke zinariya. A ƙarfafa hannun Sarakunan Ruwa wajen hana raga mai ƙananan idanu da rufe gurabu lokacin haihuwar kifi. Sa'an nan duk wanda za a tura babban ruwa, a Bakolori ko a Kainji, a fara ba shi rigar iyo kafin a ba shi ƙugiya, domin kifewar jirgin da ta ci rayukan manoma da dama a Gummi a watan Satumba na 2024 ta ishe mu gargaɗi.

Ga ɗalibai kuma, aikinku yana bakin gulbi. Tsofaffin da suka san sunan kowane kifi da kowane ƙulli na raga suna ƙarewa, rashin tsaro kuma ya raba da yawansu da mashigan da suka gada. Ku same su inda suke, ku rubuta abin da suka sani da irin lafazinsu na Zamfarci, kada ku gyara musu. Bargery ya tattara abin da ya samu a ƙamusunsa na 1934, sauran yana wuyanmu.