Karatun da ake yi a wajen aji a Rusairis

A makarantun sakandaren Sudan, har da na Rusairis da ƙauyukan Hausawa na bakin kogin Shuɗin Nilu, karatu kan fara tun a layin safe. Ɗalibi ɗaya ya ja ayoyin Alƙur'ani, wani ya karanta labarai, wata ta rera waƙar Larabci. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, nan bakinsa ke faɗawa da Larabcin boko, harshen jarrabawar kammala sakandare.

Akwai kuma jaridar bango: faffaɗar takarda da ɗalibai ke rubutawa da hannu, su ƙawata da alƙaluma masu launi, su manna a baranda.

Babbar gasa ita ce Daura Madrasiyya, wadda ke haɗa ƙwallon ƙafa, tsere, wasan kwaikwayo da waƙa. Ana farawa daga ƙaramar hukuma, a je matakin jiha, sannan na ƙasa.

Darasin kimiyya kuwa yana ƙofar gida: madatsar ruwan Rusairis, da aka kammala a 1966 aka kuma ƙara mata tsayin mita 10 a 2013, tana samar da lantarki da ruwan noman rani.

Rikicin ƙabilancin da aka yi a yankin a Yulin 2022 da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 sun katse waɗannan harkoki, makarantu da dama suka zama matsugunin 'yan gudun hijira.