Masanin Cimaka a Gidajen Tsofaffi na Ingila

A ƙasar Ingila, inda akan kai dattijon da ƙarfinsa ya ƙare wani gida na musamman domin ma'aikata su yi ɗawainiya da shi dare da rana, an daɗe da fahimtar cewa ɗaya daga cikin manyan illolin da ke samun mazauna waɗannan gidaje ita ce rama, alhali kuwa abinci ba ya yankewa a madafarsu. Binciken ƙungiyar BAPEN ya nuna cewa wajen sulusin waɗanda ake karɓa suna zuwa ne da haɗarin tamowa, ko dai don haƙora sun zube, ko magunguna sun kashe sha'awar abinci, ko kuwa cutar mantuwa ta sa mutum ya zauna gaban akushi bai san abin da ake nufi da shi ba.

Masu taimakawa wajen magance wannan matsala su ne masanan cimaka, waɗanda aka kafa ƙungiyarsu ta Birtaniya a shekarar 1936, kuma a yau aikinsu fanni ne mai rajista, wanda ba kowa ke da izinin amsa sunansa ba. Mizanin da aka fi aiki da shi wajen gano haɗarin tamowa, mai suna MUST, ya fito a 2003. Akan auna nauyin dattijo da tsayinsa, a duba ko ya zubar da fiye da ushirin nauyinsa cikin wata 3 zuwa 6, a ba shi maki. Idan makin ya kai 2, sai a nemi masani.

To, a nan ne hikimar sana'ar take bayyana, domin nasihar da likitoci ke yi wa mai ƙarfi a jika, watau ya rage maiƙo da zaƙi, ita ce masanin yakan warware a kan tsohon da ke ramewa, kamar yadda malaman fiƙihu ke cewa lalura tana sauya hukunci. Sai ya umarci mai dafuwa ya zuba cokali 4 na garin madara a cikin wajen rabin lita na madara, ya ƙara man shanu da cuku a dankali, a riƙa ba dattijon kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, tun da babban faranti tsoratar da shi yake yi. Sai wannan dabara ta gaza ake komawa ga abin sha na kwalba da likita ke rubutawa. A ganina wannan tartibi shi ne daidai, gama abincin da mutum ya saba da shi tun ƙuruciya ya fi saurin shiga.

Wanda haɗiya ke yi wa wuya kuwa, masanin magana da maƙogwaro ne ke ƙayyade masa kaurin abinci bisa matakan IDDSI, daga 0 zuwa 7, waɗanda Ingila ta ɗauka a 2019, sannan masanin cimaka ya lura kada a tsinka abincin da ruwa har amfaninsa ya tafi.

Galibin masanan ma'aikatan hukumar lafiya ta NHS ne, ziyara suke kawowa, don haka babban ɓangaren aikinsu karantar da masu dafuwa da masu jinya ne. Wata doka ta 2014, wadda hukumar CQC ke sa ido a kanta, ta wajabta wa kowane gida ya kiyaye addinin mazauninsa da al'adarsa wajen abinci, har dattijo Musulmi yana da haƙƙin a kawo masa halal.