Daga Gayauna Zuwa Bola

A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka haramta sana'ar 'yan bola, bayan an yi ta sace murafun magudanan ruwa na tituna. Gwamna Zulum ya riga su tun 2023 a Borno, inda 'yan Boko Haram suka riƙa kashe masu tsintar ƙarafa a daji. Abin da ya dame ni, duk hayaniyar nan ba wanda ya tambayi abin da ya kai ɗan shekara goma kan juji da buhu da maganaɗisu.

Ba yau yaran Hausawa suka fara neman na kansu ba. Da kaka mukan bi gonakin gyaɗa muna kala, mu kai wa masu ƙuli-ƙuli. Wani ya yanko ciyawa ya sayar wa masu turkar rago. Wanda ya tasa, mahaifinsa ya yanka masa gayauna a gefen gandu, ya riƙa noma ta da yamma. Sisi da sule su shige asusu, sai Sallah ta matso a fasa, a ɗinka riga ko a sayi 'yar zabuwa.

To amma kuɗin nan na yaro ne, tuwon dare kuwa rumbun gandu ke bayarwa. Nan ne lamarin ya karye. Rabon gado ya yayyanka gonaki, har abin da magidanci ke nomawa bai kai gayaunar da ba. Gyaɗar da muke kala, annobar cutar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da ita, dalolin gyaɗa na Kano suka ɓace. A Zamfara da Katsina 'yan bindiga sun raba mutane da sauran gonakin. Aka cire tallafin mai a 2023, kwanon masara ya nemi gagarar talaka. Yau abin da yaro ya samo a bola ko tallan fiya-wata shi ne kuɗin cefane. In bai fita ba, ba a ɗora tukunya.

Masu cewa tarbiyya ce ta lalace ba su rasa hujja ba, don akwai iyaye masu sakaci, akwai 'yan bola ɓarayi. Sai dai na san gidajen mutunci da yunwa kaɗai ta fitar da 'ya'yansu.

Kala da gayauna suna da lokacinsu, bayan an tashi daga makarantar allo, kuma a gaban idon manya. Bola kuwa yini guda take ci. Yaro ya bar aji, ƙusa mai tsatsa ta soke shi, ya koyi shaƙar sholisho wurin ƙarti. Da yamma ya kai kaya wurin dilan gwangwan, wanda shi ke da sikeli, shi kuma ke yanka farashi.