Wace manhajar sa ido ce ta dace da mai wifi a Zongo?

Mai sayar da wifi a unguwar Agoè-Zongo bai kamata ya jira kwastoma ya kawo masa labarin yankewar layi ba. Aikin manhajar sa ido ke nan: ta riƙa leƙa na'urori dare da rana, ta aiko saƙo da zarar wata ta tsaya.

Mai na'urorin MikroTik ya fara da The Dude, kyauta ce daga kamfanin. Idan harka ta bunƙasa, Zabbix, wadda aka ƙera a Latbiya, ta fi zurfi, ita ma ba a biya, amma tana son mai haƙurin koyo. PRTG kyauta ce har ma'auni 100, daga nan sai kuɗi.

Datadog na da kyau, sai dai da dala ake biya, kuma a ƙetare ake ajiye bayananta. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. A irin wannan rana, manhajar da ke cikin shagonka ce za ta ci gaba da gani.

A haɗa wa na'urar da manhajar ke kai batir, saboda ɗauke wuta. Ƙaramin mai sana'a ya zaɓi wadda zai iya gyarawa da kansa.